In an ce "an zauna da ƴan kasuwa", su wa ake nufi?

Mai Wake:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗan hatsi ne a kasuwar Dole ta Damagaram, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma wake ne ƙarfin abin da nake riƙewa. Da kaka nakan bi kasuwannin Mirya, Matamai da Magarya in tara tiya-tiya har buhu ya cika. Rabi ya kwana mangaza, rabi ya bi ta iyakar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano.

A watan Oktoba na 2024 aka hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake daga Nijar, sai dai zuwa Mali da Burkina Faso. Ban ji a rediyo ba, ban ga takarda ba. Direban da zai ɗaukar mini buhu 40 ne ya kira ni bayan isha'i, ya ce "Alhaji, ka ji abin da ake ciki kuwa?" Lokacin na riga na sallami ƴan dako, na ba shi kuɗin mai. Ban ce matakin ba shi da dalili ba. Duk mun ga daminar da ta kayar da tsohon masallacin Birni, mun ga tsadar cimaka, ni ma gidana ana auna gero. Amma wanda ya buɗe mana ƙofar Mali ya san inda Damagaram take kuwa? Yamai kaɗai wajen kilomita 900 ce, Kano ko 250 ba ta kai ba.

Tambayata: kullum sai mu ji an ce an tuntuɓi ƴan kasuwa. Su wane ne ake kira? Ta wace ƙofa irina yake shiga a ji ta bakinsa tun magana ba ta zama doka ba?

Kwantabul na Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aikina ke nan cike wa ƴan kasuwa takardun haraji, bari in faɗi abin da nake gani. Gwamnati ba ta zama da mutum ɗaya-ɗaya, da ƙungiya take zama. Babbar ƙofar ita ce zauren ƴan kasuwa da masu masana'antu, CCIN, wanda yake da reshe a nan Damagaram, sai kuma sandika-sandika, wato ƙungiyoyin masu sana'a. Wakilan zauren zaɓensu ake yi, kuma mai rajistar kasuwanci da lambar haraji, wato NIF, shi ake lissafawa. Kai da ba ka da su, a takarda babu kai, ko da buhunka ya fi na wanda aka kira yawa.

Sannan akwai lokaci. Yawancin abin da ya shafi patanti da sauran haraji cikin dokar kasafin kuɗi yake zuwa, ita kuwa ranar 1 ga Janairu take fara aiki. Gardama kafin nan ake yin ta, a Yamai. Mu sai mun ga mai takarda a bakin shago muke tashi da kumfar baki, lokacin alƙalami ya bushe.

Amma kan hana fita, gaskiya ban ga laifin shirun ba. Da an ba da sati guda, wallahi da gari bai waye da ƙwayar wake a mangazar kowa ba, har da taka, Alhaji.

Mai Wake:
Har da tawa, ban musa ba. To bayan an yanke fa? Wa ya zo ya tambaye mu yadda za mu yi da abin da ke hannu, da bashin da muka ɗauka a kansa?

Hajiya Mai Ƙuli:
Malam kwantabul, ka ce a takarda babu mu. To ya aka yi mai tikiti yake gane ni kowace Alhamis? Ban da NIF, ban da shago, faranti ne da galan ɗin man gyaɗa, amma bai taɓa ɓata hanyata ba. Wurin karɓa an san inda nake zama, wurin shawara ne ake mantawa.

Sau ɗaya aka taɓa kiran ƙungiyarmu ta mata wani taro. Mu shida muka je da ankonmu. Tun hantsi har azahar ana Faransanci, aka kawo lemo, aka ɗauke mu hoto. Sai a ƙarshe wani yaro ya tsakura mana da Hausa cikin minti biyar, aka ce akwai mai tambaya? Me zan tambaya a kan abin da ban ji ba? Tun watan Maris na 2025 aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa. Ni ba na neman komi sai a aiko sanarwa da muryar mutum a salula, yadda ƴata take turo mini gaisuwa daga Agadas. Kuma a faɗi kuɗi da dala da jika. In ka ce mini 500 sai na tsaya lissafi, in ka ce dala ɗari na gane.

Ɗan Kabu-kabu 07:
Hajiya ta gama magana. Ranar da aka rage kuɗin mai a watan Yuli na 2024, lita ta koma sefa 499, kafin la'asar ko almajiri ya sani. Labari mai daɗi ƙafa gare shi. Na cin tara ne sai an kama babur ɗinka kake jin sa.

Baba na Birni:
Yara, abin da kuke nema ba sabo ba ne. Muna tasowa, in magana ta fito daga fada, mai shela ne zai zaga da makaɗi, kuma kowace sana'a da sarkinta: sarkin fawa, sarkin maƙera, sarkin kasuwa. Shi ake kira, shi yake komowa ya tara mutanensa. Har yau suna nan, kuma har yau in hukuma tana son magana ta shiga gida-gida, ta fadar Mai Martaba da limamai take bi. Sai dai hanyar ta fi saukar da magana, ba ta cika hawa da ita ba.

Wani abin kuma, da akwai kansilan unguwa da mutum zai tare a ƙofar masallaci. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun, kantomomi ke riƙe da gari. Ko sun so ji, ba su san kowa da kowa ba, sai wanda ya zo da sunan ƙungiya. Kai Mai Wake, ku ƴan hatsi kuna da shugaba a Dole. Yaushe rabonka da zuwa taronku?

Mai Wake:
Baba, ka kama ni. Rabona da taron tun rufe iyakar Najeriya a 2023, shi ma don ana maganar kayanmu da suka maƙale ne. Kuɗin wata ma ana bi na.

Malam kwantabul, abin da ke hana mu yin NIF ɗin nan tsoro ne, kada mutum ya kai kansa. In na yi, harajin shekara ɗaya za a yanka mini ko har da na baya za a tono? Alhamis ba na motsawa daga rumfa, amma Juma'a bayan an sauko zan iya biyowa Zango. Me da me zan riƙo?

Kwantabul na Zango:
Katin ɗan ƙasa da littafin da kake rubuta shige da fice, ko da ajami ne. Ka taho da shugaban naku in zai yarda, na fi son ya ji da kunnensa.