Da Wane Sikeli?

Malamin Islamiyya, Tudun Wada:

Da sunan Allah zan taɓa 'yan gwagwarmaya,
Na Turai da Amurka, masu gyaran duniya.

Kakansu Karl Markis na Jamus ne, shi ya tsaga jama'a
Gida biyu, mai danniya da mai shan wuya.

Cibiyar bincike ta Firankfut a Jamus, wadda aka kafa a 1923,
Ta kai faɗan cikin al'ada da tarbiyya.

Fuko na Faransa ya zo ya ɗora nasa,
Wai mai iko shi yake ƙera gaskiya.

In haka ne, 'ya'yana, ku ba ni amsa,
Da wane sikeli kuka gane ƙarya?

Kun tsinke igiyar guga da hannunku,
Kuna kiranmu shan ruwa a rijiya.

Ɗalibar shari'a, Samaru:

Allah gafarta Malam, a ba ni dama,
Ka tsaya a littafi, ka bar kan hanya.

A Miniyafolis, 2020, gwiwar ɗan sanda
Ta haura minti tara kan baƙar fata George Floyd, a wuya.

Wanda ya kalla bai buɗe Fuko ba,
Hukuncinsa ya fito ne daga zuciya.

Baƙaƙen mata sun kai kamfanin General Motors ƙara kan wariya,
Kotu ta ce launi ko jinsi, ba a haɗa su ɗaya.

Shi ya sa malamar shari'a Kirensho a 1989
Ta ce ana bige mutum a mararrabar hanya.

Malamin Islamiyya:

'Yata, ai kin ba ni sanda da kanki,
Shaidarki zuciya ce, ba ra'in jiya.

Tsohon ɗan NEFU, Fagge:

Ku matsa min, yara, in sa baki,
Ni na sha kulki, ba a takarda na jiya.

Mu ma a 1950 mun yi shelar Sawaba,
Talaka da sarauta, muka ja iyaka ɗaya.

Amma Malam Aminu da littafan Shehu
Yake auna sarki, har fada ta ji kunya.

Na ga an shanya ubana a rana kan haraji,
Gumi na zuba, dogari na dariya.

Rimi ya hau a 1979 ya soke shi,
Har da jangali, Fulani suka kwana lafiya.

Jikata, naku in ya ci, me za a soke?
Kira min sunansa, kar ki yi kewaya.

Ɗalibar shari'a:

Kaka, ɗan sandan nan yana kurkuku,
Kuma birnin ya hana shaƙe wuya.