Rangwamen kuɗin fito: wa ya taɓa samu a cikinmu?

Mai Injin Casa, Kura: Salamu alaikum jama'a. Ina shirin yo odar injin tsince tsakuwa daga Sin. An ce akwai takardar IDEC da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ke bayarwa, a yafe maka kuɗin fito. Wanda ya taɓa bi ta hanyar nan ya ba mu labari, ban da ji-ta-ji-ta don Allah.

Alhajin Zawaciki: Wa alaikumus salam. Na samu, amma na sha wuya, kuma laifina ne. Ta intanet ake nema. Za ka tanadi rajistar kamfani ta hukumar CAC, lambar mai biyan haraji wato TIN, takardar biyan haraji da rasitin kayan. Ni kuwa sai da jirgi ya taso sannan na fara cike-cike, don ejan ɗina mai fitar mini da kaya a kwastan ya ce abin kwana biyu ne. Kwantena ta iso Legas ta zauna tana jiran takarda, kullum kuɗin ajiya na hawa. Da na yi lissafi, abin da aka yafe mini kusan duk ya tafi can. Malam, kada ka ce a loda sai takarda ta zo hannunka.

Ɗan Dawanau: Mu na 2024 muka gani, lokacin da aka janye fito na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da aka sheƙe. Murna ta koma ciki da sharuɗɗa suka fito: kamfani sai ya shekara biyar yana aiki, mai shinkafa kuma sai injinsa na cashe tan 100 a rana. Wa ke da wannan a layinmu? Masarar da na ɓoye ma a ƙasa da kuɗin saye na rabu da ita.

Hajiya Mai Sola, Kaduna: Mai Injin Casa, ka fara bincika lambar HS ta injin naka tukuna, wato lambar da kwastan ke gane nau'in kaya da ita su yanka masa fito. Injinan noma da yawa dama ba su da fito, sai ƙananan caji. Ni faifan sola ba na biya masa, batir kuwa ina biya. Farkon shigata na ɗauka duk ɗaya ne, har na yanka wa kwastomomi farashi. Ranar na yi kuka.

Mai Injin Casa, Kura: Allah ya saka da alheri. Hajiya, lambar wa zai ba ni, mai sayarwa ko ejan?

Hajiya Mai Sola, Kaduna: Karɓi ta kowannensu ka gwama. Mai sayarwa na can yakan rubuta ta ƙasarsu.