Wanda ya sayi piyano ya sayi kiɗan da ke cikinsa? Muhawarar makaɗan biki na Jos

Na Gangare: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, kuma ba lallashi nake nema ba, hukunci nake so. Sati biyu da suka wuce na je wani kamu a Rikkos, na ji wani bawan Allah yana buga piyanon Yamaha samfurin PSR-S970. Kalangun da ke fita daga ciki kai ka ce mutum ne ya rataya shi a kafaɗa. Da aka tashi na same shi, ya ce dama yana son rabuwa da shi. Muka yi musaya, na ba shi S770 ɗina da cikon naira dubu 300, ya ba ni nasa. Na kai gida na kunna, wayam. Babu sitayil ɗin Hausa ko ɗaya, wato shiryayyen kiɗan da piyano yake bugawa da kansa, maɓallan rajista takwas ɗin nan da ake ajiye saiti duk babu komai, sai kiɗan Turawa da ya zo da shi daga kamfani. Na kira shi, wai shi piyano ya sayar mini, ba kiɗa ba. To ga matsayina: duk wanda aka ji shi yana aiki da piyano sannan aka taya, kiɗan da ke ciki yana cikin cinikin. Cire shi ha'inci ne.

Dillalin Taminus: Wa alaikumus salam. Wa ya shaida cinikin?

Na Gangare: Ni da shi ne, sai yarona da ke ɗaukar mini kaya.

Dillalin Taminus: To ka gani. Kun guji la'ada, kun faɗa rigima. Ni a wurina ba a sallama sai an faɗa da baki: da kiɗa ko babu kiɗa, da adafta ko babu, da jaka da ƙafa ko babu. Farashi biyu ne, kowa a kasuwa ya sani. Kai cinikin biri a sama ka yi, ƙanena.

Anti Zabiya: A'a Oga Dillali, kar ka ɗora wa yaron nan laifi. Me ya ja shi wurin mutumin? Launin piyanon ne ko kalangun? Mai shi ya san abin da ya sa aka taya, ya yi shiru ya karɓi kuɗi. In na ɗanɗana maka miya a tukunya ka saya, sannan na juye na miƙa maka tukunya, ai ba za ka ce na kyauta ba. Ni da nake tsayawa gaban mata da makirufo na fi kowa sanin cewa piyanon da ba shi da kiɗanmu katako ne. Amarya ba ta fito fili don ta taka kiɗan Turawa ba.

Ɗan Bukuru: Anti, da girmamawa, misalin bai zauna ba. Miya ana gamawa a yini ɗaya. Sitayil guda mai kyau, da shigarsa da juyi huɗu da cike-cikensa da rufewa, ni yana cin mini dare uku, wani ma sati. Akwai waɗanda na haɗa wa mawaƙan zumuntar mata a cocinmu, na zauna da su ina sauraren yadda suke buga tulu har na samo inda bugun yake faɗawa. Shekara bakwai ina tara su. Yau in talauci ya sa na sayar da piyanona, sai a ce guminan shekara bakwai ya bi shi kyauta? Tela in ya sayar da keke ba ya haɗawa da littafin awon kwastomominsa.

Anti Zabiya: Telan ba ya nuna maka littafin don ya ja ka ka sayi keken.

Injiniyan Dilimi: Ku ɗan dakata. Kuna ta yanke hukunci, ba wanda ya tambayi me aka cire. Abu uku ne daban-daban, kuma yawancin makaɗanmu suna haɗa su wuri ɗaya su kira su kiɗa. Akwai sautin kansa, wato kalangu ko kotso ko gurmi da aka naɗa aka yanka aka ɗora a rumbun ƙarin sauti, shi muke kira fak. Akwai sitayil, wanda shi ba sauti ba ne ko kaɗan, umarni ne kawai: buga kaza a nan, buga kaza a can, ka ɗauko shi daga adireshi kaza. Sai rajista, wadda take tuna maka wane sitayil, wace murya a hannun dama, wane gudu, don kar ka tsaya lalube a tsakiyar fili. Na Gangare, kunna piyanon yanzu, ka shiga wurin muryoyi, ka duba akwatin da aka rubuta Expansion. Ka gaya mini abin da ka gani.

Na Gangare: Ina zuwa, Injiniya.

Dillalin Taminus: Kafin ya dawo, bari in ce wani abu kan kuɗin. S770 da S970 duk 2015 Yamaha ta fitar da su, maɓallai 61 kowanne. Abin da ya raba su a kasuwarmu rumbun ne: na S770 megabayit 160, na S970 kuwa 512. Sai kuma S970 yana da mai yi wa mawaƙi amshi ta makirufo, wanda ƙaramin ba shi da shi. Ko babu kiɗa ko ɗaya a ciki, ciko ya zama dole. Kuma da aka saki farashin Naira a tsakiyar 2023 kayan nan sun yi tsada, har na hannu. Ban ce an kyauta masa ba, amma ba a yashe shi ba.

Na Gangare: Ikon Allah. Injiniya, kalangun yana nan. Har da kotso da wata algaita. Na taɓa, shi ne dai wanda na ji a Rikkos.

Injiniyan Dilimi: Na yi zargin haka. Mutumin bai goge maka komai ba. A filash yake ajiye sitayil da rajistarsa kamar yadda da yawanmu suke yi, ya zare abinsa ya sa a aljihu. Da mugunta ya nufa, da fak ɗin zai fara taɓawa. Yanzu ka ji gargaɗina da kyau: kar ka bari kowa ya ɗora maka wani fak a kai. A Yamaha sabo yana shafe na ciki ne gaba ɗaya, kuma wanda ke ciki ba ya fitowa ta filash. Sai wanda yake da asalinsa a kwamfuta, cikin manhajar Yamaha Expansion Manager, shi ne zai iya mayar da shi. Ranar da wani yaron sitidiyo ya ce kawo in ƙara maka sauti biyu, ranar kalangun nan zai tafi.

Ɗan Bukuru: To muhawara ta ƙare ke nan. Filash ba piyano ba ne.

Anti Zabiya: Ba ta ƙare ba. Ko a ciki ko a filash, kunnen mai saye bai san bambanci ba. Abin da ya ji shi ya taya.

Ɗan Bukuru: Na Gangare, tambaya ɗaya tsakaninka da Allah. Da ka miƙa masa S770 ɗinka, ka bar masa filashinka a jiki?

Na Gangare: Wannan daban ne. Shi bai taɓa jin ina bugawa ba.

Dillalin Taminus: Hahaha! Ashe kai ma ka zare.

Na Gangare: Na zare, amma me ya amfana mini? Na soka shi a sabon, na kira sitayil ɗina da nake buɗe fili da shi, sai ga wani tarkace, inda kalangu zai amsa sai shiru, wani wurin kuma kamar ana buga kwano.

Injiniyan Dilimi: Saboda adireshin ya canja. Sitayil ɗinka yana aika yaro gidan da ya sani a tsohon fak, a sabon kuma wani ne a gidan, ko kango ne. Ana gyarawa. Sai a buɗe kowane sitayil a nuna wa layin ganguna sabon wuri, kuma in wanda ya haɗa fak ɗin bai jera bugun a maɓallai iri ɗaya da naka ba, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, ba na dare ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa fak da sitayil ɗinsa kamar turmi da taɓarya ne, wanda ya raba su ya bar kowane ɓangare da rabin amfani. A nan kam ina tare da Anti kaɗan: mutumin ya san haka, ya kamata ya faɗa.

Ɗan Bukuru: Wannan wahalar ce ta sa na koma piyanon kamfanin Korg. A Pa700 ɗina komai yana tafiya a jaka ɗaya da ake kira SET, sauti da sitayil da saiti. In kwafe a filash, in mayar, babu ruwana da kwamfuta, har yankan sauti a kan piyanon nake yi. In zan sayar, sai in ce ga farashi da SET, ga farashi babu.

Dillalin Taminus: Sai ka zo sayarwar za ka sani. Ni Yamaha ba ya kwana biyu a hannuna, Korg kuwa sai na nemi mai shi da fitila. Ba don ba shi da kyau ba. Tun zamanin PSR-2000 da ake sa masa faifan fulofi yaranmu a kan Yamaha suka koya, kiɗan da ke yawo hannu da hannu na Yamaha ne, in naka ya lalace ranar Asabar wanda za ka ara Yamaha ne. Makaɗin biki ba abin da ya fi kyau yake saye ba, abin da zai samu aro yake saye.

Ɗan Bukuru: Wannan kuma wata muhawarar ce, Oga, kuma ina jiranka a kanta.

Baba Mai Kalangu: Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta mini, shi ne kuma yake rubutawa. Tun ɗazu ina jin ku, wannan ya ce gumina, wancan ya ce kuɗina. Ina so in tambaye ku: kalangun da kuke rigima a kansa, hannun wa ne? Shekarun baya wasu yara suka kai ni wani ɗaki, suka ce Baba buga ɗaya-ɗaya, saki tsirkiya, matse, ƙara matsewa. Na yi musu yini guda. Suka ba ni kuɗin mota da na goro, na yi godiya don ban san me za a yi da shi ba. Yau ina wucewa ta bakin biki in ji hannuna yana fita daga lasifika, ni kuwa ba a gayyace ni ba. Ban ce na cikin naka nawa ne ba, ɗana, don ba ni kaɗai aka naɗa ba. Amma na wani ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Anti Zabiya: Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Bukuru: Baba, ba ni da bakin musu. Sai dai in ce ko mun naɗa ba mu kamo ku ba. Kalangu magana yake yi, hammata ke matse shi murya ta hau ta sauka. Mu ɗan abin lanƙwasa sautin nan na gefen hagu muke murzawa muna kwaikwayo, mai kunne yana ganewa.

Baba Mai Kalangu: Mai kunne yana ganewa, amma mai biki lissafi yake yi. Mutum ɗaya da akwati ya fi masa araha a kan mutum biyar da za a ciyar. Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya daga garin nan, har ya koma ga Allah a 2015 ba a raba shi da kayan kiɗansa ba, don abin a hannunsa yake. Naku a aljihu yake, shi ya sa ake zarewa.

Na Gangare: Baba, na ji, kuma na karɓa. Amma ni har yanzu ban sauka daga maganata ba. Wanda ya ga na taya saboda abin da na ji, ya yi shiru, bai yi mini adalci ba. Abin da na janye kalmar ha'inci ce, tunda bai goge ba.

Dillalin Taminus: To ka rage tsada. Ga shawara: kar ka je masa da faɗa. Shi ma yanzu yana can da S770 mai fak ɗinka, sitayil ɗinsa ba za su zauna a kai ba, yadda naka suka ƙi zama a nan. Kowannenku yana riƙe da makullin ɗakin ɗan'uwansa. Ku yi musayar kwafin filash, ba wanda zai ciro ko sisi.

Injiniyan Dilimi: Wannan ita ce magana. In za ku haɗu, ku haɗu a shagona in duba muku duka biyun, don na san ba ku gwada komai ba ranar. Na Gangare, kafin nan ka bi maɓallan 61 ɗaya-ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi ƙara ɗaya ko yaya ka taɓa shi, ko ya yi shiru, ƙurar hunturu ce ta shiga ƙarƙashin robar, abin gyara ne amma a san da shi. Ka gwada ramukan fita biyu na baya, ka girgiza wayar kaɗan ka ji. Sannan ka juya adaftar ka karanta: S970 PA-300C yake ci, mai ba da wuta bolt 16. In ka ga an haɗa ka da wata ta kasuwa marar suna, wannan ce rigimar da ta cancanci ka ɗaga murya, ba filash ba, musamman mu da rabin aikinmu a kan janareta ne.

Na Gangare: Adaftar ta asali ce, na duba. Maɓalli ɗaya a can sama yana ƙara fiye da sauran.

Anti Zabiya: Ni dai ina da wuni ranar Juma'a a Unguwar Rogo, kuma da kai na yi magana, Na Gangare. Da wane piyanon za ka zo mini?

Na Gangare: Anti, ki ba ni zuwa Laraba. Na kira shi yanzu bai ɗauka ba, na tura masa saƙo.

Dillalin Taminus: Turo mini lambarsa ta gefe, ni zai ɗauka. Amma wannan karon akwai la'ada.

Baba Mai Kalangu: 'Yata, in Larabar ta wuce bai samu ba, kalanguna yana rataye, kuma Unguwar Rogo ba ta yi mini nisa ba.