Likita ya ce ɗana yana da galahanga, mene ne horon ɗabi'a?

Maman Walid, Fadaman Mada, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya shiga shekara huɗu bai fara magana ba. Ki kira sunansa ba zai waiwayo ba, amma ana buɗe ledar biskit a kicin zai taho da gudu. Wasansa ɗaya ne, jera murafen kwalba a bakin tabarma, kina taɓa guda sai ihu da buga kai a bango. An gwada jinsa, lafiya lau. Likitan yara ya ce galahanga ce, wato otizim, kuma ba ta da maganin sha, sai horon ɗabi'a da na magana. Wata ta ce za ta riƙa zuwa gida tana yi masa, wai cikin wata shida zai warke, amma kuɗin da ta yanka ya kusa cinye albashin babansa. Surukata kuwa ta kafe iska ce, a kai shi ruƙiyya. Don Allah me ake yi a horon nan?

Baban Amira, Pantami, Gombe:
Wa alaikumus salam Maman Walid, Allah Ya ba da lada. Tawa 'yar shekararta tara. Wanda duk ya ce miki zai warkar da shi a wata shida, ki riƙe jakarki da kyau. Lalurar ba ta warkewa, koyo ne yaron yake yi, kuma yana koyo sosai.

Abin da aka fara nuna mana shi ne mu lura da abu uku: me ya faru kafin ihun, me ta yi, me muka yi mata bayan nan. Sai muka gane Amira tana tsayawa gaban randa tana kururuwa, mu kuma don a samu shiru sai mu miƙa mata ruwa da sauri. Ita a wajenta kururuwa ce hanyar neman ruwa, tunda ba ta da wata. Muka ɗauki hoton kofinta da waya, aka buga aka yi masa laminetin. Mamanta tana gabanta riƙe da ruwa, ni ina bayanta na kama hannunta ta miƙa hoton, nan take a ce "ruwa!" a ba ta. Nan take fa, ba sai an gama tuƙa tuwo ba. A hankali na daina kama hannun. Yau tana da hoton banɗaki, kunu, da na Keke Napep in tana son fita. Kalmomi sun fara zuwa daga baya. Wasu yaran ba sa yin magana har girma, amma hoton yana rage musu ƙunci.

Malama Hajara, mai koyar da yara masu buƙata ta musamman:
Tsarin horon ɗabi'a da aka fi sani shi ne ABA, wato Applied Behaviour Analysis, inda ake saka wa yaro da abin da yake so in ya yi abin da ake koya masa. Wani masani a Amurka, Ivar Lovaas, ya shahara da shi bayan binciken da ya fitar a 1987, inda yara suke samun awa 40 a mako. Wa zai iya biyan wannan a Bauchi? Kuma ba lallai ba ne. Sannan manya da dama masu lalurar, waɗanda aka yi wa irin wancan horon suna yara, sun koka cewa an tilasta musu kallon ido da ido, an hana su kaɗa hannu, alhali da shi suke kwantar da hankalinsu. Ni dai murafen kwalbar nan ba zan hana shi ba. Zama zan yi kusa da shi, in riƙe murfi ɗaya, in jira ya nema.

Maman Walid, ki tambayi matar da ta ce za ta riƙa zuwa gida: a ina ta yi horo? Wane abu takamaimai za ta koya masa a watan farko? Za ta bari ki zauna ki gani, ta koya miki? In ta ce sai an kulle ƙofa, ko tana hana abinci, ko tana tsawa, ki sallame ta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9, zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, akwai shi kyauta a intanet. Gininsa duka a kan wanka, cin abinci da wasa yake, abubuwan da kike yi da shi kullum.

Nas, Yelwa:
Buga kan nan, a fara duba ko ciwo ne: haƙori, kunne, ko taurin bayan gida. Yaron da ba ya magana da jikinsa yake faɗa. Farfaɗiya ma ta fi yawa a cikin yara masu galahanga, in kin ga yana ƙamewa yana zuba ido waje guda, ki koma sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ki faɗa. Akwai ƙwaya irin risperidone da likita kan rubuta in fushin ya yi tsanani, tana sa ƙiba da barci, kada a saya a kemis da ka. Kuma kada wani ya ce miki rigakafi ne ya jawo. Binciken 1998 da ya yaɗa maganar nan mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Batun surukarki kuwa, kada ki yi jayayya da ita. Addu'a da tofi ba sa hana horo. Duka, ɗauri da turnuƙe yaro da hayaƙi su ne ba za ki yarda ba. Ki ba ta hoton kunu ta riƙe, ita ma ta shiga aikin.

Maman Walid:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan kira matar in yi mata tambayoyin. Baban Amira, shi Walid ba ya ihun ruwa, da kansa yake ɗiba. Biskit ne rigimarmu. In fara da hotonsa ke nan, ko zai sa ya ƙara ƙin abinci?