Montgomery: me ya sa ya yi nasara a El Alamein amma ya sha kashi a Arnhem?

Mai neman sani: Jama'a, don Allah a fayyace min. Janar ɗaya ne, wato Montgomery na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, me ya bambanta yaƙoƙin biyu?

Ma'abocin tarihi: Malam, bambancin shiri ne. A watan Agusta 1942 aka ba shi Runduna ta Takwas a Masar, amma bai kai farmaki ba sai daren 23 ga Oktoba, bayan ya tara sojoji kusan 195,000 da tankoki sama da 1,000, kusan ninkin na Rommel, kwamandan Jamusawa. Duk da haka an sha wuya. Injiniyoyi na tafe cikin duhu suna tono nakiyoyi ɗaya bayan ɗaya, hanyoyin da suka buɗe kuma ƙunci gare su, tankoki suka cunkushe cikin ƙura. Sai farkon Nuwamba aka fasa layin Jamusawa.

Mai bibiya: A Arnhem kuwa, a ƙasar Holan, Satumba 1944, gaggawa aka yi. An sauke sojojin laima kusan kilomita 13 daga gadar kogin Rhine da aka tura su su kama, kuma kashi-kashi cikin kwanaki saboda ƙarancin jirage. Rediyoyinsu suka ƙi aiki. Masu kawo ɗauki ta ƙasa hanya ɗaya tak suke bi, Jamusawa na ta datse ta. A ganina babban kuskuren shi ne raina rahoton tankokin Jamus da ke kusa. Cikin mutum kusan 10,000, wajen 2,400 ne suka tsallako kogin Rhine suka tsira.

Ma'abocin tarihi: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Bayan yaƙi, a 1946, Montgomery ya zama babban hafsan sojin ƙasa na Birtaniya.