Shawara nake nema: Shimla ko Manali daga Delhi, kowa da rupi 7,000

Ɗan Funtuwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a Greater Noida, kusa da Delhi a Indiya, ina shekara ta biyu a fannin harhaɗa magunguna. Mu uku ne a ɗaki, ni da wani ɗan Gusau da wani ɗan Maraɗi. Za mu gama jarrabawa a makon farko na Janairu, muna da hutun kwana tara, kuɗin jirgin zuwa gida kuwa babu wanda yake da shi a cikinmu. Shi ne muka ce maimakon mu yi ta kwanciya a ɗaki, gara mu hau dutsen Himalaya mu ga dusar ƙanƙara da idonmu. Tun ina yaro nake ganinta a finafinan Indiya a ɗakin mahaifiyata, kuma da na gaya mata niyyarmu cewa ta yi in tabbata na turo mata hoto ina riƙe da ita a tafin hannuna. Wannan maganar tata ce ta sa na ɗauki tafiyar da muhimmanci.

Kowannenmu ya tara rupi 7,000, daga kuɗin abinci muka riƙa tsakura tun watan Satumba, ba kuma za mu iya ƙara ko sisi a kai ba. Kwana uku ko huɗu muke so mu yi. 'Yan ajinmu Indiyawa sun raba mana hankali, wasu na cewa Manali, wasu na cewa Shimla. Wanne kuɗin nan zai iya? Jirgin ƙasa ya fi ko bas? Ina jin ana cewa wasu otal-otal ba sa karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, gaskiya ne? Sai maganar abinci da sallah. Kayan sanyi kuma, rigar sanyi guda ɗaya gare ni, wadda na zo da ita daga gida. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi shekara huɗu a Chandigarh, kuma Shimla ce wurin da muke gudu in zafi ya ishe mu, don haka na san hanyar sosai. Da wannan kuɗin naku Shimla nake ba ku shawara. Daga Delhi zuwa can kusan kilomita 350 ne, Manali kuwa ta haura 500, bas yana cin awa goma sha biyu zuwa sha huɗu. Kuma a Manali kusan duk inda za ka je sai ka ɗauki hayar mota, nan kuɗin ɗalibi yake zurarewa. A Shimla ƙafarka ce motarka, don babban titin garin, Mall Road, ba a ma yarda mota ta bi shi ba.

Abin da ya fi ja na zuwa Shimla shi ne ƙaramin jirgin ƙasan da yake tashi daga Kalka, wani gari a gindin duwatsun. In ka ga faɗin dogon sai ka ɗauka na wasan yara ne, ƙafa biyu da rabi kacal. Turawan Ingila ne suka buɗe shi a 1903, saboda tun 1864 suka mayar da Shimla hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi, gwamnati sukutum ta riƙa tattarowa ta hau dutse har sai zafi ya wuce. Tsawon hanyar kilomita 96 ne amma jirgin yana yin awa biyar ko fiye, don hawa yake yi daga mita 650 da 'yan kai a Kalka zuwa sama da mita 2,000. Yana ratsa ramuka 102 da aka fasa cikin dutse, ya haye gadoji sama da 800. Ramin da ya fi tsawo yana Barog, ya haura kilomita ɗaya, kana fitowa daga duhunsa sai ga tasha tsaf-tsaf, a nan ake sauka a sha shayi. UNESCO ta sa hanyar cikin kayan tarihin duniya a 2008. In kuna hawa ku nemi kujerar hannun dama, ta nan kwarin yake. Ranar da na fara binta na manta da wayata a aljihu har muka wuce Solan, kallo kawai nake ina tasbihi.

Akwai jiragen masu tsada da ake tanadin kujera, akwai kuma na gama-gari wanda kake sayen tikiti a taga. Da na hau shi ban biya rupi ɗari ba. Ku je da wuri dai don ku sami wurin zama.

Daga Delhi zuwa Kalka kuma, Shatabdi ta safe, wato jirgin ƙasa mai sauri, ta fi daɗi amma za ta ci muku kuɗi. Akwai Netaji Express, wadda da ake kira Kalka Mail, tana tashi da dare daga tsohuwar tashar Delhi ta isa kafin asuba. Sai dai ka sani daga Howrah take tasowa, can Kolkata, kuma a Janairu hazon arewacin Indiya yana riƙe jirage awanni. Saboda haka kada ku sayi tikitin ƙaramin jirgi mai tsada kuna dogaro da cewa za ta iso a kan lokaci. Tikitin jirgi yanzu kwana 60 kafin tafiya ake buɗe shi, ba 120 kamar da ba, ku duba IRCTC, shafin sayen tikitin jirgin ƙasa, tun yau.

Dawowa ku biyo bas ɗin gwamnatin jihar, HRTC, daga tashar Tutikandi ta Shimla zuwa Kashmere Gate a Delhi. Na talakawa kusan rabin kuɗin bas ɗin alfarma na Volvo ne. Ku ɗauki na dare, kun huta da biyan otal na kwana ɗaya.

Bazazzagi ya amsa:

Yaya Baban Khalifa, duk abin da ka faɗa kan jirgin haka yake, amma bawan Allahn nan ƙanƙara ya ce yana so ya gani, kuma ya yi wa mahaifiyarsa alkawari. Gara a gaya masa gaskiya: cikin garin Shimla ba kullum take sauka ba. Ni na je ƙarshen Disamba, na yi kwana uku, sanyi kamar ya tsaga ƙashi amma ko ƙwaya ban gani ba. Na dawo raina a ɓace, ga kuɗin otal ya ninka saboda hutun Kirsimeti da sabuwar shekara. A Manali ko garin bai samu ba, Solang tana kusa, in kuma hanya a buɗe take ka ratsa ramin Atal, mai tsawon kilomita 9, wanda aka buɗe a 2020, ka faɗa Sissu, nan kam fari fat ne.

Amma na yarda 7,000 za ta yi wuya ta kai ku Manali ta dawo da ku cikin kwanciyar hankali. In Shimla za ku je, kada ku tsaya a Kufri kamar yadda kowa yake yi. Kufri kilomita 16 ce daga gari, kana sauka masu dawakai za su yanyame ka, ga taɓo ga kashin doki, komai da kuɗi. Ku hau bas ɗin gwamnati ku wuce Narkanda, kilomita 60 da wani abu, tsayinta kusan mita 2,700. Can ta fi riƙe ƙanƙara, mutane kuma ba su kai na Kufri yawa ba. Ku tafi da sassafe ku juyo kafin la'asar, don in ta sauko da ƙarfi rufe hanya ake yi har sai an share. Kuma ku jinkirta tafiyar zuwa ƙarshen hutunku, tsakiyar Janairu ya fi farkonsa, otal ma ya sauko a lokacin.

Wanda ya san yana amai a mota ya sha magani kafin a tashi. Kai da kake karatun magunguna ka fi ni sanin wanne. Hanyar duk kwana-kwana ce.

Maman Hanif ta amsa:

Ɗana, sannunku da karatu, Allah ya ba da sa'a. Mun je da maigidana da yara biyu lokacin yana karatunsa a Delhi, bari in taɓa abin da maza ba su faɗa ba.

Maganar otal gaskiya ce. Doka ta ɗora wa duk mai masaukin da ya sauki ɗan ƙasar waje ya cike takardar da suke kira Form C ya tura wa hukuma, ƙananan masaukai da yawa kuma ba su yi rajistar hakan ba. Mu mun biya ta intanet, muka isa da dare da yara suna rawar ɗari, mutumin ya dube mu ya ce ba ya karɓar 'yan waje. Ban manta daren nan ba, Hanif yana kuka a bayana muna hawa matakala muna neman wani wurin. Don haka kafin ka biya ko rupi ɗaya ka kira su a waya, ka ce ku 'yan Najeriya da Nijar ne, ɗalibai, kuna da fasfo da biza. In sun amsa, su rubuto maka a WhatsApp. Ku tafi da fasfo na ainihi, da takardar rajistarku ta FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje, da katin makaranta, kowa ya yi kwafi biyu. Ku kama ɗaki ɗaya ku nemi ƙarin katifa, ku raba kuɗin uku. Ku tambaya ko akwai ruwan zafi da safe, kuma hita a cikin kuɗin take ko daban, don yawanci daban suke caji. Masaukan da suke ƙasa da Mall Road, wajen tsohuwar tashar bas, sun fi araha, sai dai hawa. Akwai lif da yake ɗaukar mutane daga Cart Road zuwa sama da 'yan kuɗi kaɗan, amma ku matasa ne, ku rage kaya kawai. Jakar goyo, ban da akwati mai taya.

Abinci kuwa, a yankin nan yawancin naman ba yankan Musulmi ba ne, jhatka suke ce masa, sara ɗaya ake yi wa dabbar. Mu sai muka haƙura da nama gaba ɗaya, kuma hakan ya rage mana kashe kuɗi. Shinkafa da wake da suke kira rajma chawal tana riƙe ciki, kamar ka ci garau-garau mai romo. Da safe paratha da shayi. Ka nemi siddu, wani burodi ne da suke turarawa su zuba masa man shanu, abincin mutanen dutsen ne. A Lower Bazaar za ku ci, ban da gidajen abincin kan Mall Road. In kun matsu da nama, ku je Jama Masjid a Middle Bazaar ku yi sallah ku tambayi mutanen wurin, akwai 'yan Kashmir masu dako da yawa, za su nuna muku. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru. In kuna da garin kunu ko ƙuli-ƙuli ko dabino daga gida ku ɗauka.

Rigar sanyinka ta gida ba za ta yi ba, wannan ba sanyin hunturun Funtuwa ba ne. Kada ka saya a Shimla. Ku je gwanjon Sarojini Nagar a Delhi, ko kasuwar 'yan Tibet da take kusa da Kashmere Gate, ku yi ciniki sosai. Jaket mai kauri ɗaya, dogon wando na ciki, safa uku-uku, safar hannu, hula mai rufe kunne, da man shafawa. Takalmin roba na shiga ƙanƙara haya ake bayarwa a can. In ba ku iya saye ba ku ara wajen 'yan ajinku, ba abin kunya ba ne.

In za ku hau dutsen Jakhu, inda dogon gunkin Hanuman yake, wanda yake sa tabarau ya cire ya sa a aljihu. Birran wurin fizgewa suke yi, ba sa saki sai an ba su abinci.

Ɗan Funtuwa ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya raya su Khalifa da Hanif. Mun zauna jiya da daddare mun karanta tare. Shimla za mu je, mu ware yini ɗaya na Narkanda kamar yadda Bazazzagi ya ce. Ga yadda muka kasa kuɗin kowa: 1,500 na zuwa da dawowa, 2,000 na ɗaki kwana biyu, 1,500 na abinci, 500 na Narkanda da hayar takalmi, 700 na kayan sanyi tunda wani ɗan ajinmu ɗan Punjab ya ce zai ara mini jaket. Ragowar 800 ba za mu taɓa ba sai in wani abu ya taso. Mama, na kira masauki huɗu yau, biyu sun ce a'a, ɗaya bai ɗauka ba, ɗaya ya ce mu turo hoton fasfo.

Tambaya ɗaya ta rage, Yaya. A yinin da za mu yi cikin gari, me ya kamata mu gani wanda ba sai mun kashe kuɗi ba?

Baban Khalifa ya amsa:

Kasafin ya yi, sai dai ku riƙe wani abu a tsabar kuɗi, don a hanyar Narkanda sabis yakan ɗauke. Ku fara da filin Ridge da safe, inda tsohon cocin nan mai ruwan ɗorawa yake, in gari ya yi garau za ku hango kawunan duwatsu farare daga nesa. Daga nan ku taka zuwa Viceregal Lodge, gidan da aka gama a 1888 don wakilin sarautar Ingila, yanzu cibiyar nazari ce. Tafiyar ta kusa awa ɗaya cikin dogayen itatuwan deodar, kuɗin shiga lambun kaɗan ne, na shiga cikin ginin kuma ku tambaya a ƙofa don na 'yan waje ya fi na 'yan ƙasa. Da yamma ku leƙa Lakkar Bazaar, kasuwar kayan katako ce, ka samo wa Hajiya ludayi ko ɗan akwatin ajiye turare. Ku kula, an hana leda a jihar, kuma ana cin tarar mai zubar da shara ko shan taba a titi.

Ranar Narkanda ka sa wayarka a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi yana cinye batir nan da nan, kada ka isa wurin ta mutu kafin ka ɗauki hoton Hajiya. In kun dawo ka zo ka gaya mana nawa kuka biya ɗakin, akwai wasu yara biyu a Jalandhar da suke tambayata.