Kududdufin unguwa ya toshe: a cike ko a gyara?

Sakataren ƙungiyar unguwa, cikin birnin Kano: Assalamu alaikum. Kududdufin bayan layinmu ya cika da leda da kainuwa, wari ya hana maƙwabta sakat, wasu dattawa kuma sun ce a cike shi a yanka filaye. Waɗanda suka taɓa aikin gyaran irinsa, mene ne abin yi, kuma da me ake farawa?

Injiniyan magudanan ruwa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a kira tifa, a yi lissafi. Ruwan sama mai milimita 50 in ya sauka a kan hekta ɗaya, kubik mita 500 ke nan. A unguwar da ta cika da kwano da siminti, kusan kashi 80 cikin 100 gangarowa yake yi, wato kubik mita 400. Kududdufi mai faɗin hekta ɗaya da ke da sararin mita ɗaya da rabi a samansa yana ɗaukar kubik mita 15,000, ruwan hekta 37 ke nan a saukar ruwa guda. In aka cike shi, wannan ruwa ba ɓacewa zai yi ba, gidan da ya fi kowa kwari zai nufa. Yawancin kududdufan birni ramukan da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ganuwa ne, kuma lungunan da ke kewaye da su can suke zubar da ruwansu tun asali.

Aikin kuwa daga mashiga ake fara shi, ba daga tsakiya ba. A kowace kwata da ke shiga a gina ramin tare yashi, zurfin mita ɗaya, tsawon kamar mita uku, a sa ragar rodi a bakinsa mai tazarar santimita biyar, a ɗan kishingiɗe ta yadda za a iya jan shara da manjagara. Ragar da aka tsayar cak leda ce ke like ta cikin mintuna, ruwa ya koma kan titi. Sai mafita: a auna dokin ƙofar gidan da ya fi ƙasa, a sa bakin mafitar ya gaza shi da aƙalla santimita 30, ta zarce babbar kwatar da ke kai wa rafin Jakara. Yasa ita ce ta ƙarshe.

Direban katafila: Injiniya ya faɗi gaskiya a kan jerin aikin. In aka yashe kafin a yi ramin tare yashi, damina biyu ta mayar da shi yadda yake. Lokacin yasa Maris zuwa Afrilu ne, sa'ad da ruwa ya ja. Daga Yuni ƙasa ta jiƙa, injin nutsewa yake yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jibge laka a bakin kududdufi: ruwan farko ya wanke ta ta koma ciki. A baza ta nesa da gaɓa ta sha rana mako biyu zuwa uku, sannan a kwashe. Busasshiya ta fi sauƙin lodi, kuma ba ta ɗiga a titi. Gaɓa kada a yanke ta tsaye. Kowace mita ɗaya ta zurfi a ba ta mita uku ta gangara, in ba haka ba za ta zabtare, yaron da ya zame kuma ba shi da wurin dafawa. Kada a matsa kusa da katangar gidaje, tushen ginin ƙasa ba ya jure haƙa a gefensa.

Jami'ar duba-gari: Malam Sakatare, warin nan ba na ruwan sama ba ne. Ku zagaya da sassafe ku ƙirga bututun bayan gida da na wanka da ke zuba kai tsaye. Muddin suna nan, kainuwa za ta dawo, domin ƙazantar ce takinta. Kowane gida ya yi sokawe, kuma masai ya nisanci rijiya da gaɓa da mita 30 inda fili ya samu. A cikin birni ba ya samuwa sau da yawa, to gidaje huɗu ko biyar su haɗa tanki ɗaya da mota za ta iya zuwa ta zuƙe.

Kainuwa a riƙa kwashe ta kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwa. In ta rufe duka, iska ba ta shiga ruwan, kifi ya mutu, a ƙarƙashinta kuma sauro ke samun mafaka. Kada a zuba baƙin mai don kashe tsutsar sauro, yana kashe karfasar da ke cinye ta. Yara kuma a hana su wanka, saboda tsargiya da dodon koɗi ke yaɗawa.

Mai noman rani a bakin Jakara: Hajiya, a ƙara da maganar lakar. Mutane na rububinta a matsayin taki, kuma ta kududdufin da ruwan gidaje kawai ke shiga tana da kyau in ta bushe sosai. Amma duk inda ruwan majema ko marina ko na masana'anta ya ratsa, a kai ta gwaji tukuna. Rafin Getsi yana ɗebo ruwan masana'antun unguwar Bompai ya haɗe da Jakara, su tafi dam ɗin Wasai, kuma sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi a laka yake kwanciya. Latas da alayyafo suna zuƙar sa. Irin wannan laka ta bishiyar inuwa ce, ba ta lambu ba.

Ma'aikacin gandun daji: Don riƙe gaɓa ba abin da ya kai ciyawar jema. A dasa ta layi biyu a kan gangara, tazarar santimita 15 tsakanin tushe da tushe, a farkon damina. Saiwarta na nutsawa fiye da mita biyu, ba ta kuma bazuwa inda ba a sa ta ba. Wata biyun farko a kare ta daga awaki. Ciyawar kacalla kuwa tana tace ruwa, amma wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai sake ta a kududdufi ba. In dole ne, a killace ta a ɗan kwarin mashiga, a riƙa yanke ta ƙasa da fuskar ruwa.

Magini: Ga masu son filaye: cikon da aka yi da shara yana ci gaba da lotsawa tsawon shekaru. Bango ya tsage, danshi ya hau har taga, filasta ta riƙa zuba. Fandishan da zai tsaya a irin wannan wuri yana cin kuɗi sosai.

Injiniyan magudanan ruwa: Abu ɗaya ya rage, Malam Sakatare. Kafin katafila ta shigo, ku je wurin mai unguwa da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, a auna iyakar kududdufin, a kafa turakun siminti. Ana cin kududdufi ne da kaɗan-kaɗan, buhun shara yau, bulo gobe. Ku kuma yi magana da hukumar kwashe shara, REMASAB, kan wurin zuba shara, don in babu bola a kusa, mutane gaɓa za su koma. Ramin tare yashi a kwashe shi bayan kowane babban ruwa a Yuli da Agusta, a kuma sa sunan wanda zai yi da kuɗin da za a ba shi tun yanzu.